Ranar da Na Bi Sobiyata Har Abhur

Ke Samira da ke Hanan, 'ya'yan 'yar'uwata, tun ranar da kuka zo min da maganar za ku riƙa sayar da sobiya, abin shan nan na zabibi, ta waya, ku ɗauki hoton kwalba ku saka mutane su aiko, nake ta juya abin a raina. Ba hana ku zan yi ba. Abin da ya tsaya min shi ne abin da Hanan ta faɗa tana dariya: "Ya Khala, ai jiƙa zabibi ne kawai, halas, shi ke nan." To ku gyara zama. Na san bakinku ya fi gudu a Larabci, amma kuna jin Hausa, kuma da ita zan gaya muku, don da ita aka koya min.

Aikin farko da Goggo Hansatu ta ba ni, ƙanwar babana da ke zaune a unguwar Ruwais nan Jidda, ko kusa da zabibi bai kai ba. Wankin randuna ne. Tana da guda huɗu a ƙarƙashin matakala, irin na ƙasa masu tsinin gindi da ake ɗorawa a kan ƙarfe. Da soso da ruwa zalla ake wanke su, ba a sa sabulu, don ƙasa tana shanye warinsa ta mayar wa sobiya. In na wanke na kife sun tsane, sai Goggo ta ɗebo garwashi a kasko ta jefa ƙwayar mustaka biyu, ƙaron nan mai ƙamshi, mu kifa randar a kai har hayaƙin ya shige ta. Wata uku ina wannan. Duk ranar da na yi gunaguni sai ta ce, "Rabi, ke da ko randa ba ki iya wankewa ba, me za ki zuba a ciki?"

Da ta yarda na taɓa zabibi, tsinta ta sa ni. Baƙin zabibi muke aiki da shi a lokacin. A baza a faifai, a cire tsinke, a cire tsakuwa, a ware duk wanda ya yi farin hunhuna, ko da ɗaya ne a cikin tiya. A wanke sau uku. A jiƙa da ruwa mai ɗumi bayan sallar asuba, a bar shi ya kumbura har washegari, sannan a murje da hannu. Da hannu na ce. Na'urar markaɗe da kuke ji da ita tana fasa 'ya'yan ciki, ɗaci ya fito, kuma babu sukarin da zai rufe shi. A tace da farin ƙyalle sau biyu, na biyun ba a matsawa, a bar shi ya ɗiga da kansa. Sai hel, wanda ake sa wa gahawa, a daka shi a lokacin, da ɗan itacen kirfa. Sukari kaɗan. Goggo takan ce wanda ya cika sukari ɓoye wani abu yake yi.

Amma ainihin sana'ar ba a hannu take ba. Ranar da ta nuna min, da azahar ne. Ta sa aka kashe fanka, ta daka wa yaran gida tsawa suka yi tsit, ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ta ɗage murfin randa ta kai kunnenta bakin. Ta daɗe. Sai ta yafito ni. Randa ta farko shiru. Ta biyu shiru. Ta kai ni wata ƙarama da ta ajiye a gefe da gangan tun kwana uku.

"Me kika ji?"

"Ba komai, Goggo."

"Daina numfashi kamar saniya, ki sake."

Na riƙe numfashi. Can ƙasa sai na ji wani ɗan sauti, siririn gaske, kamar yayyafi a kan yashi.

"To wannan ta fara magana," in ji ta. "Sobiya in ta yi magana, ba ta shiga bakin Musulmi daga hannunmu. Harshe zai yaudare ki, don a lokacin ta fi daɗi. Hanci ma yana makara. Kunne ne kawai yake riga su. Tsakanin abin da muke sayarwa da abin da Allah ya hana, zafin rana ɗaya ne na Jidda."

Ta sa na ɗauki randar na juye a magudana da hannuna.

Da na yi aure na koma unguwar Sa'alaba, da randa biyu na tafi, kyautar Goggo. A nan na yi sana'ata shekara da shekaru ban taɓa buɗe shago ba. Ƙofar gida ce shagona, ni kuwa kun san ni, sai in yi wata ban wuce bakin layi ba. Mutane ne suke zuwa. Direbobin tasi su tsaya da la'asar su miƙo gora ta taga. Tsofaffin unguwa su aiko a cika musu jug. Akwai wasu ma'aikatan jinya 'yan Najeriya da suka zo aikin kwantiragi, duk Juma'a sai sun zo, ɗayarsu 'yar Zariya ta riƙa cewa, "Mama, wallahi in na koma gida zoɓo ba zai ƙara burge ni ba." Na ce ta daina zagin zoɓo a gidana, kakata da shi ta yi hanyar Makka. A azumi kuwa, layi yakan kai har wajen mai gyaran taya. Kuma ba a taɓa dawo min da kwalba an ce ta yi tsami ba.

Farin zabibin, a kasuwar Balad na gamu da shi, a ɗaya daga cikin fitata ta sayen kaya. Mutumin da nake saya a wurinsa ya ce, "Ya Hajja, zo ki shinshina wannan." Ya kwance bakin buhu. Manya ne, launin zuma, masu danƙo, da 'ya'ya a ciki. Ƙamshin kuwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba, kamar furen lemo ne aka tsoma a zuma. Ya ce inabin da ake busarwa a samu wannan, tun yana bisa itace yake ƙamshi. Na sayi kaɗan na gwada a ƙaramar randa. Da na tace, ta fito garau, kalar shayi marar ƙarfi, ko sukari ban sa ba, hel ma rabin na kullum. Maƙwabciyata ta kurɓa ta ce, "Rabi, turare kika jiƙa?" Cikin 'yan makonni kowa farar yake tambaya. Ni na fara yin ta a unguwarmu, wannan ko a gaban wa zan faɗa.

Wata mata da ke aikin gida a Abhur, unguwar masu hali can bakin teku, ta kai wa uwargijiyarta kwalba ɗaya. Ba a yi kwana uku ba sai ga waya. Matar gidan, Umm Nawaf ake ce mata, 'yarta ta sauke Alƙur'ani, za a yi walima bayan la'asar ranar Alhamis, mata da yara da malaman makarantar yarinyar. Farar sobiya take so, wadda za ta ishi taro babba. Na ce tayyib, na amsa.

Randunana ba za su ɗauki wannan ba, don haka na sa aka sayo min gangunan roba uku masu murfi, sababbi. A nan na yi kuskuren da ko sabuwar shiga ba za ta yi ba. Randar ƙasa tana gumi, tana sanyaya abin da ke cikinta da kanta. Roba ba ta yi. Tsakiyar zafi ake, irin wanda bango ma yake ƙona hannu. Sannan farin zabibin nan ya ninka baƙi zaƙi, ni kuwa na ba shi kwanan da Goggo ta koya min na baƙi, na kuma rufe murfin gam don kada ƙamshin ya fita. Ƙarama a randa ban taɓa samun matsala da ita ba, sai na ɗauka babba a roba ma haka ne.

Ranar Alhamis da hantsi na tace, na ɗanɗana, na ce ban taɓa yin mai daɗin wannan ba. Ƙanena Usman, kawunku, a lokacin yana da 'yar motar ɗaukar kaya, ya iso yana ta danna hon.

"Yaya, yalla! Abhur ba bayan gida ba ne, kuma ina da wani aikin."

Ganga biyu motar ta ɗauka tare da sauran kayansa, ya ce zai dawo ya ɗauki ta ukun. Na taya shi ɗaurewa, na yi masa addu'a, ya tafi. Ban saurara ba. Tun da na bar gidan Goggo ban taɓa fitar da sobiya ban kai kunne ba sai ranar. Daɗinta ne ya ɗauke min hankali, ga hon a kaina.

Bayan azahar na sunkuya zan gyara murfin ta ukun. Na ga ya ɗan taso a tsakiya. Na kashe fanka, na buɗe, na kai kunne. Ba ma sai na riƙe numfashi ba.

Na buga wa Umm Nawaf sau huɗu ba ta ɗauka ba, ranar biki wa yake jin waya. Matar da ta haɗa mu tana hutu. Ina tsaye da abaya a hannu Usman ya dawo.

"Kai ni Abhur."

"Ke? Abhur? Wa ya mutu?"

"Sobiyar ta yi magana."

Ya ɗebi kaɗan a ludayi ya kurɓa. "Yaya, wannan ai lafiyarta ƙalau. A zuba ƙanƙara, shi ke nan. Wa zai sani?"

"Ni."

Duk hanya bakinsa bai huta ba. Ga cunkoso tun daga tsakiyar gari, motar ba sanyi, ni ina riƙe da ƙofa kamar za a kwashe ni. Yana cewa, "Kin san irin mutanen nan? In kika kunyata su a gaban baƙi, ba ke kaɗai ba, ni ma ba za a ƙara kirana ɗaukar ko kujera ba." Na ce ya duba hanya. Yara ne za su sha, yaran da suka zo saukar Alƙur'ani. Iyakar abin da ke kaina ke nan, sai kuma lissafin ko za mu riga la'asar.

Ana kiran salla muka shiga ta ƙofar baya. Mai dafa abincin gidan wani dattijo ne ɗan Damagaram, Malam Isufu, fari tas da furfura, da hular aiki a kansa. Na gaishe shi da Hausa, ya washe baki, sai ya ga fuskata ya fasa.

"Hajiya, lafiya?"

"Ina gangunana?"

Ɗakin sanyinsu ya cika da nama da kayan zaƙi, sai aka ajiye min su a tsakar bayan kicin, rabi a inuwa rabi a rana. Murfin ɗaya har ya yi tozo. An riga an ɗebi rabin ɗayar an cika jug-jug na gilashi, an jera a tire da ƙanƙara, ana jiran a idar da salla. Na roƙi Malam Isufu ya sa a kashe na'urar da ke zuƙe hayaƙi. 'Yan aiki suka tsaya suna kallon tsohuwa baƙuwa ta durƙusa a ƙasa ta manna kunne a ganga. Duka biyun suna magana, har sun fi ta gida surutu.

Malam Isufu ya sunkuya ya shinshina. Ya ɗago ya dube ni, ya rage murya.

"Hajiya, da wane zabibi kika yi wannan?"

Na gaya masa.

"Muska ke nan. Na san shi. Na yi shekaru ina aiki a wani otal a Yamai, wurin Faransawa. Da irin inabin nan suke yin wata farar giya mai zaƙi, su sha a ƙaramin kofi bayan abinci, tare da kayan zaƙi. Desar suke cewa. Ni ban taɓa kai ta baki ba, Allah shaida, amma na wanke kofunanta ba adadi. Ƙamshin nan ne, sak."

Ban taɓa jin wannan ba sai a bakinsa. Na ce a kira min matar gida.

Umm Nawaf ta shigo da adonta, turare na tashi, waya a hannu. Na yi mata bayani da Larabci, a taƙaice. Ta sa aka zuba mata a kofi ta kurɓa.

"Wannan ai ya fi wanda kika aiko min daɗi. Ina matsalar?"

"Ta fara juyawa, ya Umm Nawaf."

"Tana bugarwa?"

"Ban sani ba. Ni ba malama ba ce, ba kuma likita ba. Wataƙila ba ta kai ba tukuna. Amma tana hanya, kuma ba a koya min in ba mutane abin da sai an yi tambaya a kansa ba."

"Ya shekha, baƙi sun cika falo! Na gaya wa kowa akwai farar sobiya. Sai yanzu za ki zo min da wataƙila?"

"Laifina ne, ba na kowa ba. Ma'alesh, ki yi haƙuri. Amma yara ba za su sha ba."

Ta ce kayanta ne tunda sun shigo gidanta. Na ce gidan nata ne, sobiyar kuwa sunana ne a kanta. Ta juya tana kiran wani a waya, ina jin mijinta ne. Ban jira ba. Na kama gangar farko na kwantar da ita a bakin magudana. Usman ya dafe kai. Malam Isufu ya zo ya kama min gindin ta biyun. Na bi jug-jug ɗin nan ɗaya bayan ɗaya na juye. Duk tsakar gidan ya ɗauki ƙamshi kamar an fasa shagon turare. Lemon kwalba aka aika aka sayo wa baƙi. Umm Nawaf ba ta zage ni ba, gaskiya. Ta dai nuna min ƙofa da yatsa, ta ce kada ta ƙara jin sunana.

Na ɗauka abin ya tsaya a Abhur. Kafin sati ya zagayo labari ya riga ni zagaya Sa'alaba, kuma ya iso da wata kama. Ba a ce Rabi ta bi kayanta ta zubar ba. Cewa aka yi an kama sobiyar Rabi ta zama giya a gidan saukar Alƙur'ani. Wata ta ƙara da cewa dama shi ya sa take da daɗi. Direbobi suka daina tsayawa. Tsofaffi suka daina aikowa. Matan da muke zaman biki tare, in na miƙa musu kofi sai su ce sun ƙoshi. A garin nan kun san irin wannan magana ba ta wasa ba ce, musamman ga irinmu Hausawan da ke zaune a nan. Mijina, Allah ya jiƙansa, ya ce in ajiye sana'ar kafin wani ya kai zancen inda ba a so. Wannan ita ce muguwar shekarata. Wata bakwai randunana suna kife.

Ban zauna haka kawai ba. Na riƙa gwada farin zabibin a 'yar ƙaramar randa, don kaina, ina saurare duk bayan salla, har na gane halinsa. Ga shi, ku riƙe. Ba ya kwana a jiƙe. A zuba masa tafasasshen ruwa bayan asuba, a murje kafin azahar, a tace, ya shiga firiji nan take. Ba a rufe shi gam yana da ɗumi. Roba sai dai kwalbar sayarwa, ita ma bayan ya yi sanyi. Wadda aka yi yau, yau za a sha, in ta daɗe gobe. Kuma kowace randa, kowace rana, ko da mai mota zai fasa hon ɗinsa, sai an kashe fanka an kai kunne. Wanda zai aiko muku ta waya daga nesa, ku tambaye shi ƙarfe nawa za a sha da inda za a ajiye. In ya ce a bayan mota za ta wuni, ku ce babu.

Da azumi ya kama, ranar farko, na yi randa ɗaya tak, fara. Mijina ya ce, "Rabi, farar ma?" Na ce ita aka zaga, ita za ta fita. Na fitar da tebur ƙofar gida bayan la'asar, na jera kwalabe a cikin ƙanƙara, na zauna. Mutane suna wucewa da ledojin sambusa, su gaishe ni, idonsu na wani wajen. Mai sobiyar sha'ir a tsallaken titi layinsa har ya lanƙwasa. Ni ko ƙuda. Ƙanƙara ta narke na sake zuba wata.

Saura kaɗan a sha ruwa sai ga Ammi Bukari, ladanin masallacin unguwarmu, yana tafe yana dogara sanda, da babbar butar shayi ta masallaci a hannu. Tsoho ne mai faɗa, ba ya saye a wurin kowa sai ya kushe, kuma kunnensa ya yi nauyi, don haka in zai yi magana duk layi sai ya ji. Ya tsaya a gaban teburina.

"Rabi! Ke ce aka ce kin yi giya?"

Layin tsallake gaba ɗaya ya waiwayo.

"Ni ce aka ce, Ammi."

"Usman ya ce min har Abhur kika bi ta kika zubar. Haka ne, ko ƙaryarsa ce ta direbobi?"

"Haka ne."

"Wannan fa? Kin saurare ta?"

"Sau uku yau. Shiru take."

"Me?"

"Na ce shiru take!"

Ya dangwarar da butar a kan tebur. "To cika. Liman da sahun gaba da ita za su buɗe baki. Ki yi sauri, ni zan kira sallar."

Na cika har baki. Ya ɗauka ya tsallaka titi a hankali, ta tsakiyar layin mai sha'ir ya bi, suna buɗa masa hanya. Ranar ban sayar da ko kwalba ɗaya ba bayan tasa.

Washegari tun kafin in gama jera kwalabe ya dawo da butar, a wanke. Mutum biyar na biye da shi da gorunansu, har da direba ɗaya daga cikin na da.

"Rabi!" in ji shi. "Liman ya ce hel ya yi kaɗan. Ni ma na ce haka. Cika."